Kafin Japanawa Su Waiwayo Tsumburbura

Mutanen Aztek na ƙasar Meziko suna da wani abin bauta, Quetzalcoatl, maciji mai gashin tsuntsu. A 2016 Japanawa suka jefa shi cikin wasan wayar nan Fate/Grand Order. Sai ga shi ya koma mace 'yar kokawa, matasa na zuba kuɗi don su mallake ta. Wanda aka gina wa ɗakin bauta a birnin Tenochtitlan ya zama hajar kasuwa.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu me muka yi da namu? Ga Barbushe da Tsumburbura a tarihin Dutsen Dala, ga macijin rijiyar Kusugu a Daura. Amma furodusoshinmu in za su taɓo zamanin da, sai a ɗaura wa wani jan ƙyalle, a shafe shi da gawayi, ya yi ta ɓaɓɓaka dariya a bakin kogo. Shi kenan, wai an gama bincike! Tsayar da yaro a Mairuwa ka tambaye shi Barbushe, wallahi zai fi saurin kawo maka sunayen jaruman Indiya goma.

Ba cewa na yi a koma tsafi ba, Allah Ya kiyaye. Tarihi daban, ibada daban. Amma labarin da mai shi ya yasar, baƙo ne zai tsinta. Ranar da Tsumburbura ta ɓullo a wayar ɗanka rabi tsirara tana Japananci, wa za ka kai ƙara?