Ƙara wa abincin kaji masara ba dabara ba ce



Duk shekara idan kaka ta yi, masara ta yi araha daga Tudun Wada zuwa Falgore har Doguwa, sai ka ga mutum ya sayo buhun abincin kajin ƙwai ya zuba masa masara "don ya yi auki". Ni ma na yi. Ranar da na daina ita ce ranar da na feɗe kaza ta uku da ta mutu ba ta nuna ciwo ba, tana tsaka da ƙwai. Cikinta dam da kitse, hanta ta koma ruwan ɗorawa tana dagargajewa a hannu, ga gudan jini a gefenta.

Kaza fa ba sai ta ci mai take yin kitse ba. Masara yawancinta sitaci ne, furotin ɗinta bai wuce kashi 8 zuwa 9 cikin 100 ba, alhali mai ƙwai tana buƙatar wajen 16 zuwa 17. Jiki yana mayar da sitacin nan sukari, ta ƙona abin da take buƙata, ragowar kuma hanta ta juya shi kitse. Wani ya tafi gwaiduwa, wani ya taru a ciki. Idan hanta tana haɗawa fiye da yadda take fitarwa, sai ya maƙale mata.

Jiki kuwa ba ya taɓa wannan ajiya sai abin da aka ci ya gaza. Kazar gida tana yawo tana tono, tana ƙona nata. Wadda ke keji fa, abinci na gabanta, ga zafin Afrilu, yaushe za ta ƙona?

Masu tarwada, ku ma ba ku tsira ba. Kifin da aka ɗura wa masara yana nauyi a sikeli, amma ku tambayi masu banda: kitsen cikin nan zubarwa ake yi, saura ya narke a wuta. Gobe ba zai saya a farashin jiya ba.

Ba na cewa kar a haɗa abinci a gida, tsadar buhu kowa ya san ta. Amma a auna, a sa waken suya ko tunkuza daidai gwargwado. Kuma duk wadda ta mutu haka kawai, kar a yar, a buɗe a duba hantar, a nuna wa likitan dabbobi.