Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

 Sharhinmu na yau a kan ciwon daji ne, ta ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba, wato halin da mutane ke shiga bayan an gama jinya, ko mara lafiya ya tashi, ko ya riga mu gidan gaskiya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 20 ne suka kamu da cutar a duniya, kimanin miliyan 9.7 kuma suka rasu. A Najeriya ana ƙiyasta sababbin masu cutar fiye da 120,000 a shekara, mamata kuwa kusan 80,000. Kusan kowane mamaci a cikinsu ya bar miji ko mata, ko 'ya'ya ko iyaye, ya bar wadda ta yi wata da watanni tana kwana a tabarma kusa da gadon asibiti. Waɗannan ba sa shiga lissafin kowa, su ne kuma muke barin su su kaɗai tun kafin lokaci ya yi.

Ba mai musun cewa Bahaushe ya iya makoki. Da an yi rasuwa gida zai cika, maƙwabta su ɗora tukunya, a zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa, wasu su yi sadakar bakwai da ta arba'in, matar mamaci ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma. Sai dai ciwon daji yana da nasa hali. Baƙin cikinsa yakan fara ne tun ranar da likita ya faɗi sakamakon gwaji, ya bi iyali zuwa Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ko Yamai ga mutanen Nijar, inda ake neman na'urar gashi da allurar kemo. A wannan tsakanin an sayar da gona, an sayar da sa, kayan ɗakin uwar gida sun tafi. Ranar da rai ya yi halinsa, masu jinya sun riga sun galabaita, ko hawayen kirki ba sa iya yi. Sai jama'a sun watse, masu bin bashi sun fara sallama, sannan abin yake saukar musu. Kuma yakan zo da zargin kai, domin galibin masu cutar a ƙasarmu sai ta ci jiki suke isa asibiti, sau da yawa saboda tsohon camfin nan na cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, ko saboda an ɗauka jifa ne. Wanda ya hana a yi aiki da wuri, ko ya yi ta yawon neman magani a inda babu, zai daɗe yana tuhumar kansa a ɓoye, ba wanda zai iya faɗa wa.

Wanda ya warke ma yana da nasa makokin, ko da yake ba a shimfiɗa masa tabarma. Sankarar mama ita ce ta fi yawa a Najeriya, kuma matar da aka cire wa mama ta rasa wani abu na jikinta, wata har aurenta ya girgiza. Wadda aka cire wa mahaifa ta rasa haihuwa. Namijin da aka yi wa aikin mafitsara yana iya rasa kuzarinsa na aure, abin da ko amininsa ba zai gaya wa ba. Duk ranar komawa asibiti gaba na faɗuwa, kada a ce ya dawo. In ɗayansu ya buɗe baki, amsar da yake samu ita ce, ai ka warke, sai godiya.

Wani zai ce Musulmi ya yarda da ƙaddara, haƙuri ya ishe shi, wannan tone-tonen zuciya kuwa al'adar Turawa ce. Tarihin addinin kansa bai goyi bayan wannan ba. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib an san ta a littattafan tarihi da shekarar baƙin ciki. Annabi Yakubu ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma da shi ake buga misalin kyakkyawan haƙuri. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da yaga tufafi, da furta kalaman fushi da hukuncin Ubangiji. Ba a hana mutum ya ce zuciyarsa na ciwo ba. Idan muka ce wa mai makoki ya yi haƙuri muka tashi da sauri, sau da yawa kanmu muke cetowa daga nauyin sauraro.

Likitoci ma ba su ce duk baƙin ciki cuta ne ba. Yawancin mutane sukan farfaɗo a hankali idan suna da mai jin kukansu. Amma a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a watan Janairun 2022, an sanya baƙin cikin rashi da ya ƙi sassautawa fiye da wata shida, har ya hana mutum aiki da mu'amala, a matsayin larurar da ke buƙatar magani. Mu lura da wata shidan nan: ya zarce arba'in, ya zarce takaba. Wato daidai lokacin da za a iya gane wanda ya maƙale, mu mun daɗe da komawa harkokinmu.

Akwai kuma mai cewa talakan da bashin jinya ya danne, ina ruwansa da neman ma'anar rayuwa, a ba shi kuɗi kawai. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, domin wanda ya kwana da yunwa ba ya jin lallashi. To amma Cicely Saunders, likitar da ta buɗe gidan kula da masu cutar ajali na St Christopher a Landan a 1967, ta nuna cewa raɗaɗin mai ciwon daji na jiki ne, da na zuciya, da na halin iyali, da na ruhi, duk a cakuɗe, ba a magance ɗaya a bar sauran. Kada kuma a ce sai ƙasa mai arziki: a Yuganda, tun 1993 ƙungiyar Hospice Africa take bin marasa lafiya har gida da maganin raɗaɗi na sha, tana kuma ci gaba da ziyartar iyali bayan rasuwa. Ma'anar rayuwa ba a zuba wa mutum ita ta hanyar wa'azi. Yakan same ta ne a cikin abin da ya koma yi, kamar riƙon marayun da aka bari, ko sadaka mai gudana da sunan mamaci, ko matar da ta warke ta riƙa raka wasu mata gwaji, tana ƙarfafa wa iyaye gwiwa su kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara a watan Oktoban 2023. Wanda bashi da kaɗaici suka rufe ba zai kai nan ba sai an kama masa. Wanda kuma bai ga wata hikima a abin da ya same shi ba tukuna, kada a ƙure shi.

Saboda haka kiranmu ga limamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata shi ne su mai da ziyarar bayan arba'in al'ada, dangi su zauna su raba bashin jinya tun kafin a watse. Mai sauraro, idan a unguwarku akwai gidan da ciwon daji ya ratsa a bara, ka leƙa su a makon nan, ka ambaci sunan mamacin, ka zauna ka saurara. Idan ka ga mutum ya daina ci da barci, ko yana cewa gara ya bi wanda ya tafi, ka raka shi wurin likita a ranar.