Me ya sa yawan namun daji kaɗai bai isa ya cece su daga ƙarewa ba?

A watan Agustan 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta amince cewa raƙumin dawa jinsi huɗu ne, saɓanin jinsi ɗaya da aka daɗe ana ɗauka. Binciken ƙwayoyin halitta na cikin manyan hujjojin da suka kai ga wannan matsaya.

Labarin ya shafi Sakkwato fiye da yadda ake zato, domin ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suna maƙwabtaka da jihar, a yankin Kure da ke kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Darasinsu kuma ya shafi zomo da kurege da zabin dajin da suka rage a gonakin Bodinga da Shagari.

Daga 49 zuwa sama da 600

A shekarar 1996 raƙuman dawa 49 kacal aka ƙirga a Nijar, bayan farauta da fari da sarar itatuwa sun kusa gamawa da su. Gwamnati ta tsaurara tsaro, ƙungiyoyi suka haɗa kai da mutanen ƙauyuka, yanzu sun haura 600.

Sai dai masana na da damuwa guda: duka waɗannan ɗaruruwan daga wancan ɗan ƙaramin garke suka fito, wato dangin juna ne.

Makiyayi ya san illar haka tun kafin zuwan boko. Garken da bijimi ɗaya ya daɗe yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa yakan fara ba da 'yan maruƙa marasa ƙwari, shi ya sa ake sauya bijimi. Dabbar dawa ba ta da mai sauya mata. Idan ƙwayoyin gadonta suka yi kama da juna, cuta ɗaya na iya kwashe garken gaba ɗaya.

Saboda gudun kada annoba ko rikici ya rutsa da su a wuri guda, a 2018 aka ɗauki takwas zuwa gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba.

Wahalar ƙuruciya na barin tabo

Gado kuma ba shi ne ƙarshen zance ba. Akwai fannin da ake kira efijenetik, wanda ke nazarin alamomin da ke hawa kan ƙwayar halitta suna kunna ta ko su rage mata aiki, ba tare da sun sauya ta ba. Wanda ya yi makarantar allo zai gane da sauri: babbaƙu suna nan yadda suke, wasali ne ke sauya karatun.

A gandun Masai Mara na Kenya, Farfesa Kay Holekamp ta jami'ar jihar Michigan a Amurka tana bibiyar kuraye tun 1988. Ita da Zachary Laubach sun gano cewa matsayin uwa a cikin garke da irin kulawar da ta ba ɗanta suna da alaƙa da waɗannan alamomi a jikinsa, da kuma yawan sinadarin damuwa bayan ya girma.

A Amboseli, duk a Kenya, ana bibiyar bika tun 1971. Binciken da Jenny Tung da Susan Alberts da abokan aikinsu suka fitar a 2016 ya nuna cewa macen da ta haɗu da masifu uku ko fiye tana ƙarama, irin su fari da mutuwar uwa, takan mutu kimanin shekara 10 kafin takwararta da ta tashi cikin sauƙi. Gajeren rai kuwa na nufin 'ya'ya kaɗan, kuma da yawan 'ya'yan da suka rayu masana ke auna ƙarkon dabba.

Masu binciken na jan hankali cewa alaƙa suka gani, kuma har yanzu ana muhawara kan ko alamomin na wucewa zuwa jikoki. Amma illar wahalar ƙuruciya ga tsawon rai ta fito fili.

Ina ruwan Bodinga da Shagari?

A waɗannan ƙananan hukumomi gonaki sun cinye mafi yawan daji, abin da ya rage tsibi-tsibi ne da bakin fadama. Dabbar da ke wani tsibin da wuya ta kai ga ta wancan ba tare da ta ratsa gona ko titi ba. Matsalar garken Kure ke nan a ƙaramin sikeli: dangi na barbarar dangi.

Sai kuma al'adun da aka saba. Farautar rani da karnuka ba ta bambanta uwa mai shayarwa da namiji. Ƙonar daji na cinye maɓoya da abinci. Kwasar ƙwan zabin daji da damina na yanke zuriya tun daga tushe. Ɗan da ya tsira bayan an kashe uwarsa za a ƙirga shi da rai, amma binciken Amboseli na nuna cewa a raunane zai tashi.

Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya ratsa. Idan aka tsara dashen yadda zai haɗa wannan tsibi da wancan, ta bin burtali da bakin rafi, dabbobi za su samu hanyar cuɗanya. Sarakunan farauta da hakimai na iya ware watannin haihuwa a ajiye makami. Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma, mai tsangayar likitancin dabbobi, na iya fara ƙidaya da adana samfurin jini ko gashi, domin a san abin da ya rage.

Nijar ta fara aikinta da raƙuman dawa 49. Gara Sakkwato ta fara nata tun zabin daji na kuka a bayan gari.