Manhajar Ɗakin Karatu: Mu Gina Ko Mu Yi Haya?

Ƙannenmu ɗalibai, a ce littattafan ɗakin karatun makarantarku suna ta ɓata, shugaban makaranta ya ce wa 'yan kulob ɗin kwamfuta su haɗa manhajar da za ta riƙa rubuta wanda ya ari littafi da ranar da zai dawo da shi. Da me za ku haɗa ta?

Hanya mafi sauri ita ce dandalin da ba sai kun rubuta umarnin kwamfuta da yawa ba. AppSheet, wanda Google ya saya a 2020, kuna ba shi teburin Google Sheets sai ya mayar da shi manhajar waya, kafin la'asar an gama. Daɗi kam akwai. To amma kyautarsa ta gwaji ce, ga mutum 10. Idan kuka wuce haka, kowane mai amfani sai an biya masa kuɗi duk wata, kuma da dala. Ku tambayi ma'ajin wata makaranta a Roni ko Gwiwa ya ji wannan lissafi, ku ga fuskarsa.

Abin da ya fi damunmu ma shi ne mai gida na iya tashin ɗan haya. Google ya rufe App Maker a Janairun 2021. Masu rubuta umarni da hannu ma ba su tsira ba idan kayan aikin na kamfani ɗaya ne: Adobe ya daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, wasanni da darussa masu yawa suka daina buɗuwa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Mu a ganinmu, ku fara da dandalin mai sauƙi, domin littattafai na ɓata yau, ba za su jira ku ƙware ba. Sai dai sunaye da lissafin su zauna a teburin da za ku iya saukewa ku adana a filashi duk Juma'a. Sannan ku ware awa ɗaya a mako ku koyi Python, wanda kyauta ne, ba kuma mallakin wani kamfani ba.

Mu 'yan Kazaure ba mu da uzuri. Ga Kwalejin Hussaini Adamu, ga makarantar Informatics da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki. Ku nemi yayyenku da ke karatu a can, su duba muku teburin kafin ku fara.