In An Sallami Maigida Daga Aiki

'Yan'uwana mata, duk wadda ta zauna Kakuri ta san zancen nan. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ma ta tsaya a 2007. Dubban magidanta suka wayi gari ba aiki, ba da laifinsu ba.

To, in irin wannan ta faɗo gidanki, kada ki taya maigida ɓoyewa. Na sani akwai kunya. Wani har yakan yi wanka da sassafe ya fita kamar mai zuwa aiki, ya yini a gindin bishiya. Amma fa a bakin mutane ake jin labarin aiki. Ki lallashe shi ya yarda ki gaya wa yayyenki da matan da kuke adashi tare, wataƙila mijin wata yana neman direba ko akawu. Ki adana masa takardar sallama a ƙasan akwati, za a tambaye ta.

Kuɗin sallama kuwa, in ma an biya, ba na biki ba ne. A sayi hatsi, a biya haya.

Don Allah kada a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla. Ku kuma 'yan makaranta, ku yi haƙuri da tsohon takalmi bana.