Ɗan da Aka Ci, Ina Ya Nufa? Shawara Kan Dokokin Dara da Karta

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, akwai wani fanni na al'adunmu da muka bari a baya wajen nazari, wato wasannin zaune irin su dara da karta. A ganina, kowane wasa irin wannan ransa yana ga doka guda, watau dokar da ta faɗi yadda ɗa ko kati ke fita daga fage, da inda yake zuwa, da kuma ko yana iya dawowa. A nan gardama ke tashi tsakanin 'yan wasa, a nan kuma ya kamata mai nazari ya fara sa ido.

Bari mu fara da dara, wadda ake yi a gindin itace a garuruwanmu irin su Bodinga da Shagari. A yadda aka fi saninta, ana haƙa gurabu 30 a ƙasa, layi 5 mai gurbi 6-6, kowane mutum kuma ya riƙi 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Sai a yi ta sakawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku ba a lokacin sakawar. Bayan an gama sai a shiga matsawa, duk wanda ya jera uku a layi ya ci, wato ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Ɗan da aka ci kuwa ya tafi ke nan har a tashi wasa, wanda 'ya'yansa suka kasa kai uku shi aka kayar. Wannan rashin dawowa shi ke sa dattijo ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya miƙa hannu.

To, amma ko a nan da sauran magana. Shin ana iya ɗauke ɗan da ke cikin jerin uku da aka riga aka kafa? Idan huɗu suka jeru, ci ne ko banza? Wanda ya buɗe jerinsa ya sake rufewa, sau nawa aka yardar masa ya ci da haka? Amsoshin nan suna bambanta daga wuri zuwa wuri, balle in aka tsallaka Nijar inda Zabarmawa ke kiran wasan dili. Ko karin maganar nan da ke cewa in ana dara fid da uwa ake yi, a fahimtata tana nuna cewa tun kafin a fara ake daidaitawa a kan abin da ba za a taɓa ba.

Kartar Whot da samarinmu suka runguma haka take. A Ingila aka ƙirƙiro ta a 1935, mai katuna 54, amma a Nijeriya ta sami gindin zama har ta yi dokokinta na baka. Katin da aka jefa tsakiya bai mutu ba, domin in tarin da ake kira kasuwa ya ƙare, wasu sukan tattara na tsakiya su gauraya su ci gaba. Wasu kuwa sai su ce wasa ya tsaya, kowa ya ƙirga lambobin hannunsa, mai yawa ya fita. Mutum biyu da suka taso a majalisu daban suna iya kai wa juna hannu a kan wannan, alhali kowanensu gaskiyar gidansu ya faɗa.

Yanzu mu duba yadda wasu suka bi da matsalar. A 1993 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering, wanda kowa ke sayen katunansa ya tara ya zo da su fage. Masu wasan sun rubuta dokar fita filla-filla. Katin da aka kashe yana zuwa wurin da suka kira maƙabarta, a buɗe, kowa na iya dubawa, kuma maƙabartar mai shi na asali yake zuwa ko da a hannun wani ya mutu. Daga can ana iya tayar da shi, amma in ya dawo sai a ɗauke shi sabo, duk abin da ya same shi a da an shafe. Akwai kuma wani wuri mai wuyar dawowa, wanda a da ake ce masa cirewa daga wasa. Da suka ga wasu katunan na komowa daga can, sai a 2009 suka sake masa suna da kalmar da ke nufin kora daga gari, don suna ya dace da aiki. Duba irin wannan kula da kalma!

Akwai wani darasin da ya fi shafarmu. Da farko dokar wasan nan ta ce kowa ya aje kati guda, wanda ya yi nasara ya kwashe ya tafi da su. Da aka lura wannan ya yi kama da caca, sai aka hana shi a gasa, aka kuma daina buga katunan da suka dogara da shi bayan 1995. Ashe fita daga fage daban, fita daga mallakar mutum daban. Wannan amsa ce ga mai cewa nazarin karta ɗaure wa caca gindi ne. Dokar fita ita ke raba wasa da caca, kuma tsakuwar dara ba ta da kuɗi, in an tashi ƙasa ake bar wa abarta.

Wani zai ce ai daɗin wasanninmu shi ne kowane gari da salonsa, rubutu kuwa zai daskarar da su. Ina tare da shi a rabin maganarsa. Bai kamata wannan sashe ya zauna ya yanke wa Bodinga da Shagari doka guda ba. Aikinmu shi ne mu rubuta ta kowane gari yadda take, da kalmominta na Sakkwatanci, mu faɗi wurin da muka ji ta. Rubutu ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin a Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga, dukansu ma'abota alƙalami. Jikokin almajiransu ba su da hanzari in suka bar abin da ke gabansu ya salwanta.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su buɗe wa ɗaliban shekarar ƙarshe ƙofar yin kundin digiri a kan waɗannan wasanni. Ɗalibi ya je majalisar 'yan dara ya zauna, ya tambayi sunan kowane motsi, ya tsaya musamman inda aka yi gardamar ci, ya rubuta yadda aka raba ta da wanda ya raba. Dattawan da suka san waɗannan dokoki suna raguwa, samari kuma hankalinsu ya koma kan wayar hannu. In muka yi jinkiri, za a wayi gari muna da kalmar dara a ƙamus da karin magana, ba mu da wanda zai nuna mana ɗan da ya halatta a ɗauke. Allah ya sa mu dace.