Kafin a kori yaro daga kwaleji, wa ya duba shi?



Duk ƙarshen shekarar lakkwal akwai yaran da ake kora daga CEG da kalma guda: "ba shi ji." Uba ya yi duka ya gaji, uwa ta sayi rubutu, wasu su ce iskoki ne. Daga nan sai tasha, sai Abijan ko Libiya. A ganina, cikin waɗannan yara akwai waɗanda larura ke damu, kuma ba wanda ya taɓa duba su.

Likitoci na kiranta TDAH da Faransanci, ADHD da Ingilishi: ƙarancin natsuwa, yawan motsi, da aikata abu kafin tunani. Binciken ƙasashe da dama ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 ke da ita. To, a aji mai ɗalibai 80, ku yi lissafin da kanku.

Amma a yi hattara, ba kowace ƙiriniya ba ce. Ba a gano ta da awon jini ko hoton kai. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2013 ta ce sai alamomin sun daɗe wata 6 aƙalla, sun faro kafin shekara 12, ana ganinsu wuri biyu ko fiye, kamar gida da lakkwal, kuma suna ɓata wa mutum karatu ko sana'a. Sharaɗin shekara 12 ɗin nan shi ne ya fi shafar matasa. Saurayi ɗan shekara 20 ba ya iya ba da labarin kansa shi kaɗai; sai an tambayi uwar da ta rene shi, da mushen firamare, an duba tsofaffin takardun sakamako, in ba gara ta cinye su ba.

Kuma nan Adar akwai abubuwan da ke kama da ita. Yaron da ya tashi da Hausa ko Tamajak, ana yi mashi darasi da Faransancin da bai kama ba, dole hankalinsa ya tafi. Haka wanda ya zo bai karya ba, da wanda kunne ko ido ke damu, da mai farfaɗiyar da ke ɗauke hankali daƙiƙa kaɗan ba faɗuwa. Ga tramol kuma, kowa ya sani. Ƴan mata kuwa galibi ba su tada hankalin aji. Shiru suke yi, hankali na can, sai a ce "wagga ba ta da kai", a yi mata aure.

Shi ya sa ban yarda da matasan da ke kallon bidiyo a TikTok su yanke wa kansu hukunci ba, balle su nemi ƙwaya a kasuwa. Maganinta na musamman sai da takardar likita da sa ido.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, yawanci a Yamai. Talakan Bambeye ba ya kai can don yaro ya kasa zama a benci. Abin da nake roƙo mai sauƙi ne: kafin majalisar malamai ta sa hannu a kan kora, malamai biyu su rubuta abin da suka gani, a kira iyaye, a tura yaron CSI a duba ido, kunne da jini. In abin ya wuce nan, su ba shi takarda zuwa babban asibitin Tawa.